HERMAN HOLLERITH, INJINIYAN DA YA KOYA WA INJI KARATU DA KATI MAI HUDA

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau za mu kawo wa masu karatu labarin wani injiniya ɗan ƙasar Amurka mai suna Herman Hollerith, wanda ya rasu a shekara ta 1929, watau tun ba a ƙera kwamfutar lantarki ko ɗaya ba a duniya. Ko da yake bai taɓa ganin kwamfuta da idonsa ba, manyan kwamfutocin nan masu cika ɗaki guda, waɗanda bankuna da gwamnatoci da kamfanonin jiragen sama suka dogara da su tun daga shekarun 1950, sun yi shekaru masu yawa ana shigar musu da bayani ta ƙofar da shi ya gina. Wannan ƙofa kuwa ɗan kati ne na takarda mai kauri, wanda ake yi wa huda.

Komai saurin inji wajen lissafi, in babu hanyar ba shi aiki, babu kuma hanyar karɓar amsa daga gare shi, to, daidai yake da malamin da aka kulle a ɗaki: ilminsa na nan, amma babu mai amfana da shi. Hollerith ya ƙare rayuwarsa yana neman maganin wannan matsala.

Haihuwarsa Da Karatunsa

An haifi Hollerith ran 29 ga watan Fabrairu, 1860, a birnin Buffalo na Jihar New York. Iyayensa Jamusawa ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka. Mahaifinsa malamin makaranta ne, ya kuma rasu tun Herman yana ƙaramin yaro. A shekara ta 1875 ya shiga Kwalejin Birnin New York, daga nan ya wuce Makarantar Haƙar Ma'adinai ta Columbia, inda ya sami digirin injiniya a 1879, yana da shekara 19 da haihuwa.

Bai taɓa yin aikin haƙar ma'adinai ba. Ɗaya daga cikin malamansa, Farfesa William Trowbridge, ya sami aiki da ofishin ƙidayar jama'a na Amurka, sai ya ɗauki wannan ɗalibi nasa ya zama mataimakinsa wajen tattara alƙaluman masana'antu domin ƙidayar 1880. A can ne saurayin ya ga abin da ya sauya masa hanya.

Wahalar Ƙidayar 1880

Tsarin mulkin Amurka ya wajabta a ƙidaya jama'a kowace shekara goma, an kuwa fara tun 1790, domin da yawan mutanen kowace jiha ake raba kujerun Majalisar Wakilai. Mu a Nijeriya, da muka ga gardamar da ta biyo bayan ƙidayar 1962 da ta 1963 da ta 1973, ba sai an gaya mana nauyin wannan al'amari ba.

A 1880 mutanen Amurka sun haura miliyan 50. Bayan an tattaro takardu daga ko'ina, akawuna suka zauna suna bi suna ɗaya-ɗaya, suna jan ɗan layi a kan faffaɗar takarda duk lokacin da suka ci karo da abin da ake nema. In an gama ƙirga maza da mata, sai a sake komawa farko domin shekaru, sa'an nan a sake komawa domin sana'a, haka nan domin ƙasar haihuwa. Aikin ya ci wajen shekara takwas. Baƙi kuwa suna ta kwararowa daga Turai. Masu hangen nesa suka ga cewa in ba a sake dabara ba, ƙidayar 1890 ba za ta kammala ba sai ta 1900 ta cim mata.

A cikin wannan ofis akwai wani likitan soja, Dokta John Shaw Billings, mai kula da alƙaluman haihuwa da mutuwa. Shi ne ya nuna wa Hollerith cewa wannan aiki na maimaici ya kamata a ce inji ne ke yin sa. Hollerith ya riƙe maganar, har ƙarshen ransa kuma bai daina ambaton Billings a matsayin wanda ya fara sa shi a hanya ba.

Daga Tikitin Jirgi Zuwa Kati

A 1882 Hollerith ya tafi koyar da aikin injiniya a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, amma bai jima ba ya koma Washington ya kama aiki a ofishin rajistar sababbin ƙere-ƙere. Zaman da ya yi a wannan ofis ya koya masa yadda mai ƙira ke kare haƙƙinsa a gaban doka. Ran 23 ga watan Satumba, 1884, ya gabatar da takardarsa ta farko ta neman rajista, aka kuma ba shi ran 8 ga watan Janairu, 1889.

Da farko doguwar takarda ya yi amfani da ita, mai kama da zare a kan kwarkwaro, ana huda bayanin mutane a jere a kanta. Ba da jimawa ba ya gane aibinta. In ana neman bayanin mutum ɗaya, sai an warware naɗin duka. Ba kuma yadda za a ware Jamusawa gefe ɗaya, manoma gefe ɗaya. Sai ya tuna da abin da ya gani a jirgin ƙasa a yammacin Amurka, inda mai duba tikiti kan yi huda a wasu wurare na gefen tikiti domin nuna kamannin fasinja, ko dogo ne ko gajere, ko mai baƙin gashi ne, don kada wani ya hau da tikitin wani. Daga nan ya yanke shawara: kowane mutum a ba shi katinsa guda.

Kati mai huda ba sabon abu ba ne a lokacin. Tun farkon ƙarni na 19 masaƙar Joseph Marie Jacquard ta Faransa ke amfani da shi wajen fitar da zane a jikin tufa. Abin da Hollerith ya kawo shi ne ajiye bayanin mutane a kan kati, da karanta shi ta hanyar lantarki. Kati ɗaya ana iya ƙirga shi, a ware shi, a jera shi, in ya lalace a huda wani a madadinsa, ba tare da an taɓa sauran ba. A kan wannan ƙa'ida aikin sarrafa bayanai ya tsaya har fiye da shekara sittin.

Yadda Injin Yake Aiki

Tsarin nasa kashi uku ne. Na farko shi ne injin huda. Akawu yana duba takardar ƙidaya, ya kai wani hannu na ƙarfe kan alamar da ta dace a jikin wani allo, ya danna, sai huda ta fita a daidai wurin a kan katin. Ma'anar huda tana ga wurin da take: nan namiji, can mace, nan mai aure, can wanda aka haifa a Jamus.

Na biyu shi ne injin karatu da ƙirga. Ana ɗora kati a kan wani faranti wanda ke da ƙananan kofuna na zaiba a ƙarƙashinsa, kofi ɗaya ga kowane gurbin huda. Daga sama akwai jerin allurai, kowace da ɗan sifirin a bayanta. In aka jawo hannun injin ƙasa, allurar da ta tarar da takarda sai ta tsaya, wadda kuwa ta sami huda sai ta zarce ta taɓa zaiba. Da yake zaiba tana ɗaukar lantarki, nan take wuta za ta bi waya ta motsa hannun wani agogo da taki ɗaya. Agogunan nan guda 40 ne a fuskar injin, kowanne yana ƙirga har 9,999. Ƙararrawa kan buga domin shaida cewa an karanta katin. Ta hanyar sarƙa wayoyi kuma ana iya sa agogo ɗaya ya ƙi motsi sai abubuwa biyu ko uku sun haɗu a kati guda, alal misali mace, mai aure, haifaffiyar Jamus.

Na uku shi ne akwatin rarrabewa mai aljihuna da yawa. Da zarar an karanta kati, murfin aljihun da ya dace zai buɗe da kansa, akawu ya jefa katin ciki ya rufe. Fitar da amsa kuwa har a lokacin aikin hannu ne: in an gama gunduma, akawu ya kwafe abin da agogunan suka nuna, ya mai da su sifiri.

Gasa Da Ƙidayar 1890

Kafin babbar ƙidaya, Hollerith ya gwada injinsa a kan alƙaluman mace-mace na birnin Baltimore da na New York, da kuma ofishin babban likitan soja. A 1889 shugaban ƙidaya, Robert Porter, ya shirya gasa tsakanin dabaru uku, aka ba kowa bayanin mutum 10,491 na birnin St. Louis daga ƙidayar da ta gabata. Abokan takararsa, William Hunt da Charles Pidgin, da takardu masu launi daban-daban suka yi aiki, ana warewa da hannu. Hollerith ya huda katunansa cikin awa 72 da 'yan mintoci, ya ƙirga su cikin awa biyar da rabi. Wanda ya fi sauri a cikin sauran biyun sai da ya haura awa 44 wajen ƙirgar kaɗai. Aka ba Hollerith kwangila.

An fara ƙidaya a watan Yuni na 1890, kafin shekarar ta ƙare kuwa aka bayyana cewa mutanen Amurka 62,622,250 ne. Wasu jaridu sun yi gunaguni, domin sun sa rai adadin zai fi haka, har suka ɗora wa injin laifi. Amma aikin ya tsaya da ƙafarsa, an kuma fitar da alƙaluma iri-iri waɗanda da can ba a iya ko tunanin haɗa su.

Wannan shekara ta zame masa ta alheri. Jami'ar Columbia ta ba shi digirin dokta a kan wannan ƙira, Cibiyar Franklin ta Philadelphia ta ba shi lambar girma, a watan Satumba kuma ya auri Lucia Talcott. Sun zauna a unguwar Georgetown ta Washington, suka haifi 'ya'ya shida.

Daga Gwamnati Zuwa Kasuwa

Labarin injin ya ƙetare teku. Ostiriya da Kanada da Norwe suka yi ƙidaya da shi, haka nan Rasha a 1897, inda aka ƙirga mutum fiye da miliyan 125. Sai dai ƙidaya sau ɗaya ake yi a shekara goma, mai sana'a kuwa kullum yake bukatar ciniki. Saboda haka Hollerith ya juya ga kamfanonin jiragen ƙasa, waɗanda takardun dakon kaya suka yi wa katutu. A nan ƙirga kaɗai ba ta wadatar ba, sai an tara kuɗi da nauyin kaya. Gwajinsa na farko a kamfanin New York Central bai yi kyau ba, amma ya koma ya gyara injin ya iya tarawa, kamfanin ya karɓa. A 1896 ya kafa kamfaninsa mai suna Tabulating Machine Company.

Dabararsa ta ciniki ita ce ba ya sayar da inji, haya yake bayarwa, katin kuwa a wurinsa ake saye. Kowane kati sau ɗaya ake huda shi, don haka kuɗi ba su daina shigowa. Ya ci gaba da gyare-gyare: injin huda mai maɓallai irin na tafireta, da injin da ke jan kati da kansa daga tari, da injin rarrabewa mai aiki ba tare da hannun akawu ba. A 1906 ya ƙara allon wayoyi, wanda ake sauya wa tsari domin inji ɗaya ya yi aiki iri-iri ba sai an kwance shi ba. Wannan allo shi ne matakin farko na abin da daga baya ya zama tsara wa inji umarni.

Saɓani Da Sayar Da Kamfani

Hollerith mutum ne mai riƙon amana ga ma'aikatansa, amma mai zafin rai, ba ya kuma son a taya masa farashi. A 1903 aka naɗa Simon North shugaban hukumar ƙidaya, shi kuwa ya ga kuɗin hayar injunan ya yi wa gwamnati yawa. Kowa ya kafe a kan bakansa. A 1905 hulɗa ta yanke, hukumar ta buɗe maƙerarta, ta ɗauki wani injiniya haifaffen ƙasar Rasha mai suna James Powers. Hollerith ya kai ƙara kotu, bai yi nasara ba. A 1911 Powers ya kafa nasa kamfani, ya zama babban abokin hamayya. Taurin kan da ya kai Hollerith ga nasara, shi ne kuma ya haifar masa da kishiya.

A wannan shekara ta 1911, da lafiyarsa ta fara raguwa, ya yarda da tayin wani attajiri, Charles Flint, wanda ya haɗa kamfaninsa da wasu masu ƙera ma'auni da agogon ma'aikata, aka sami kamfanin Computing-Tabulating-Recording. Rabon Hollerith ya kai kimanin dala miliyan 1.2. A 1914 aka kawo Thomas Watson ya riƙe ragamar kamfanin, a 1924 kuma aka sake masa suna zuwa IBM. Jininsu bai haɗu ba, domin Watson ɗan kasuwa ne mai son faɗaɗa ciniki, Hollerith kuwa bai cika son a taɓa ƙirarsa ba. Ya zauna a matsayin injiniya mai ba da shawara har 1921, sa'an nan ya koma gonarsa a Jihar Virginia kusa da gaɓar Chesapeake, yana kiwon shanu yana yawo a kwalekwale. A watan Janairu na wannan shekara gobara ta lalata yawancin takardun ƙidayar 1890 a Washington. Hollerith ya rasu ran 17 ga watan Nuwamba, 1929, da ciwon zuciya, yana da shekara 69. An binne shi a maƙabartar Oak Hill ta Georgetown.

Kati Ya Shiga Zamanin Kwamfuta

Shekara ɗaya kafin rasuwarsa, a 1928, IBM ya fitar da sabon kati mai ginshiƙi 80, tsawonsa inci 7 da 3/8, faɗinsa inci 3 da 1/4. Kowane ginshiƙi harafi ɗaya ne ko lamba ɗaya. Lamba huda ɗaya ce, harafi kuwa huda biyu: A, alal misali, huda ce a layin can sama da wata a layin 1. Wannan tsari ya ci gaba da amsa sunan Hollerith.

Da kwamfutar lantarki ta zo, sai ta tarar bayanan gwamnati da na kamfanoni duk a kan kati suke. ENIAC, wadda aka nuna wa duniya a 1946, da injin karanta kati da na huda kati na IBM take karɓa da bayarwa. Kamfanin Powers kuwa ya shiga cikin Remington Rand a 1927, shi ne kuma ya kai wa hukumar ƙidaya kwamfutar UNIVAC ta farko a 1951. Ita da tef na ƙarfe take aiki, amma sai da aka ƙera mata injin juyar da kati zuwa tef.

Waɗanda suka koyi aikin kwamfuta a jami'o'inmu a shekarun 1970 sun san wannan zamani. Mutum ya huda umarninsa layi ɗaya a kati ɗaya, ya miƙa ƙunshin ta taga, ya dawo bayan awoyi ko kashegari ya karɓi takardar amsa. Kwali ɗaya kati 2,000 yake ci. In ya suɓuce ya watse, an shiga uku, shi ya sa ake ware ginshiƙi na 73 zuwa na 80 domin lambar jeri, wasu kuma su ja layi a karkace a bayan ƙunshin.

Cibiya Mai Sauri, Ƙofa Mai Jinkiri

A nan wata sabuwar matsala ta ɓullo. Injin karanta kati na IBM 1402 yana karanta kati 800 a minti, watau harafi dubu da 'yan kai a daƙiƙa. Injin bugawa na IBM 1403, mai sarƙar haruffa da ke juyawa a gaban ƙananan guduma 132, yana buga layi 600 a minti. Ga ɗan Adam wannan gudu ne na ban mamaki. Amma cibiyar lissafi ta kwamfutar IBM 7090 tana yin tarawa fiye da 200,000 a daƙiƙa. In ta tsaya jiran kati, inji mai tsadar miliyoyin daloli ya zama ɗan zaman kashe wando.

Magani na farko shi ne raba aiki. Ƙaramar kwamfuta IBM 1401, wadda aka fitar a 1959, ita ke kwashe katuna zuwa tef na maganaɗisu, a ɗauki tef a kai wa babbar, ta yi lissafi ta zuba amsa a wani tef, a dawo da shi ga ƙaramar ta buga. Tef ya fi kati sauri nesa ba kusa ba, sai dai yana da aibin nan da Hollerith ya gani a doguwar takardarsa: ba a kai ga na tsakiya sai an wuce na farko. Faifan maganaɗisu ne ya warware wannan. Na farko, wanda IBM ya fitar a 1956, faranti 50 ne masu faɗin inci 24, yana ɗaukar harafi miliyan 5, hannun karatu kuma yana zuwa kai tsaye inda ake so.

Magani na biyu shi ne abin da za mu kira magudana, watau wani ƙaramin inji mai cin gashin kansa da ke tsakanin ma'adanar kwamfuta da injunan shigarwa da fitarwa. IBM ya fara sa ta a kwamfutar 709 a ƙarshen shekarun 1950, ya kuma daidaita tsarinta a jerin System/360 da ya bayyana ran 7 ga watan Afrilu, 1964. Aikinta kamar na yaron gida ne ga attajiri. Maigida ba ya zuwa tasha da kansa. Yakan rubuta jerin saƙo ya ba yaronsa, ya ci gaba da harkokinsa. Haka nan ake rubuta jerin umarni a cikin ma'adana, kowane umarni yana faɗin abu uku: aikin da za a yi, karatu ne ko rubutu ko neman wuri, inda za a zuba bayanin ko a ɗebo shi, da yawan haruffan. Cibiyar lissafi ta ba da umarni ɗaya tak na a fara, tare da lambar injin da ake nufi, sai ta juya ga wani aiki. Magudana ta ɗauki jerin tana bi ɗaya bayan ɗaya, tana magana da akwatin sarrafawa, wanda shi ya san halin kowane inji, bayani kuma yana wucewa kai tsaye zuwa ma'adana. In an gama, ko an sami tangarɗa kamar kati ya maƙale ko takarda ta ƙare, sai magudana ta katse cibiyar da sigina, ta ajiye mata rahoton abin da ya faru.

Magudanar iri biyu ce a farkon System/360. Ɗaya ta injuna masu jinkiri ce, irin su na kati da na bugawa. Tana yi wa da yawa hidima lokaci guda, kamar mai jan ruwa a rijiya da ke zuba guga ɗaya a wannan tulu, guga ɗaya a wancan. Ɗayar ta masu sauri ce, tef da faifai; in ta kama inji ɗaya ba ta saki sai ta gama da shi. Daga baya aka ƙara ta uku, wadda kan saki faifai yayin da hannunsa ke neman wuri, ta yi wa wani aiki kafin ya shirya. Bugu da ƙari, aka koya wa kwamfuta ta riƙa kwashe katuna zuwa faifai tun kafin lokacinsu, ta kuma tara abin bugawa a faifai ya bi layi, don kada wani aiki ya tsaya jiran injin bugawa.

Abin Da Ya Bari

An daina amfani da kati a yawancin wurare a shekarun 1980, amma sawunsa bai goge ba. Allon IBM 3270 na 1971 layi 24 ne, kowane layi harafi 80, daidai da kati. A harshen FORTRAN, harafin H da ake sawa gaban rubutu daga sunan Hollerith aka ɗauko shi. Tsarin haruffa na EBCDIC ya kasa baƙaƙe gida uku, A zuwa I, J zuwa R, S zuwa Z, kamar yadda hudar kati ta kasa su. Manyan kwamfutocin IBM na yanzu, waɗanda magudanarsu ta koma zaren gilashi mai ɗaukar haske tun 1990, har yau umarnin gabatar musu da aiki layi ne mai gurbi 80.

Akwai kuma ɓangaren da ba shi da daɗin ji. Kamfanin Dehomag na Jamus, wanda aka kafa a 1910 domin hayar injunan Hollerith, daga baya kuma ya koma ƙarƙashin IBM, shi ya sarrafa alƙaluman ƙidayar da gwamnatin Hitler ta yi a shekarun 1930, an kuma yi amfani da irin waɗannan injuna wajen lissafin fursunonin da ake sa wa aikin tilas a sansanonin gwale-gwale. Hollerith ya riga ya rasu kafin wannan, ba shi da hannu a ciki. Amma abin ya nuna cewa injin da ke ware mutane domin a raba musu kujerun majalisa, shi ne dai zai ware su in azzalumi ya riƙe shi.

Wannan shi ne taƙaitaccen tarihin Herman Hollerith, ɗan baƙin haure da ya ga akawuna suna fama da tarin takardu, ya ƙudura cewa sai inji ya ɗauke musu wannan kaya. Ya shekara goma yana gwaji kafin ya ci gajiyar aikinsa, sannu kuwa ba ta hana zuwa. Matasanmu masu karatun injiniya su lura cewa bai fara da neman abin da zai burge duniya ba. Aikin da ke gabansa a ofis ya duba, ya nemi hanyar sauƙaƙa shi. Sai mun sadu a fitowa ta gaba da tarihin wani mashahurin.